Adon bangon falo irin na Musulunci: amsa ga Hajiyar da zata tare a Unguwar Dosa

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri yasa a shiga a sa'a. Na karanta tambayarki, kince kun gama gini a Unguwar Dosa zaku tare bayan sallah, kina son duk wanda ya shigo falonki ya san gidan musulmi ya shigo, maigida yace a jera firem ɗin ayoyi a duka bango huɗu, ke kuma ranki yafi kwanciya da irin na Turkiyya da Dubai da kike gani a Instagram, sannan kina tsoron kar garin neman kyau a taka abinda addini ya hana. Toh fenti da adon ɗaki shine sana'ata a garin nan na Kaduna shekara da shekaru, zan faɗa miki abinda idona ya gani da abinda nake yiwa mutane.

Kafin maganar ado dan Allah ki fara duba bangon kansa. Nan ne mutanen Kaduna suke asarar kuɗi basu sani ba. Damina tana daɗewa a nan, tun wajen watan biyar ake ruwa har watan goma, Agusta da Satumba kuwa ba'a magana, sabon gini kuma yana riƙe da ruwa a cikinsa. Idan aka yi filasta yau aka bi da sikiridin, wato shafen da ake daidaita fuskar bango da shi, da fenti cikin sati ɗaya saboda ana saurin tarewa, wallahi kafin shekara ta zagayo zaki ga fentin ya kumbura daga ƙasa yana ɓarewa, wani farin abu kamar kanwa yana fitowa, bayan firem kuma fumfuna tayi baƙi ƙirin. Filasta tana son aƙalla sati huɗu ta sha iska. Ga gwaji mai sauƙi da zaki iya da kanki, ki samu farar leda ki manna ta a bangon da salatif ta ko'ina kar iska ta shiga, ki barta kwana biyu, idan kika ɗaga kika ga gumi a cikinta ko wajen yayi duhu toh bangon bai shirya ba. Ki duba musamman bangon da banɗaki ko kicin yake bayansa da wanda ruwan indararo yake dukansa ta waje. Irin wannan bangon ko ya bushe ni bana manna masa takardar bango, kuma bana rataya rubutun Alƙur'ani a jikinsa, don na sha cire firem na tarar danshi ya cinye rabin aya.

Maganar maigida kuma, niyyarsa mai kyau ce Allah ya saka masa, amma ki lallaɓa shi kar a cika bango huɗu. Bango ɗaya ake zaɓa a bashi haƙƙinsa sauran ukun a barsu su huta. Idan ko'ina rubutu ne ido baya tsayawa a ko ɗaya, sati biyu kowa ya daina gani, ayoyin sun zama kamar kalandar bara. Wanda ake zaɓa shine bangon da ido yake fara sauka a kai idan an shigo daga ƙofa, da sharaɗin ba shine na talabijin ba. Wannan kam ina da tsauri a kai. Aya a sama, a ƙarƙashinta ana kallon fim da waƙa da ƙwallo ana ihu, bai dace ba ko kaɗan, bangon talabijin a bashi zane mara rubutu ko katako ko a barshi da fentinsa kawai.

Sai ki tambayi kanki a ina ake sallah a falon, don gidajenmu falo shine masallacin mata da baƙi da yara. Alƙiblar Kaduna gabas ce da ta karkata arewa, wajen digiri 66 zuwa 67 idan kin duba da kamfas ɗin waya. Bangon da mai sallah zai fuskanta shi yafi kowanne buƙatar a barshi fayau. Annabi sallallahu alaihi wa sallam yayi sallah da wata riga mai zane, da ya idar yace a maida ta wajen Abu Jahm a kawo masa mara zane saboda ta ɗauke masa hankali, kuma ya cewa Nana A'isha ta kawar da wani labulenta saboda hotunan jikinsa suna gitta masa a sallah. Kinga idan shi ya faɗi haka ina ga mu, mutum yana tahiya idonsa na kan walƙiyar ruwan gwal yana bin rubutu.

Shi kansa rataya ayoyin malamai sun yi saɓani a kai, akwai waɗanda suka karhanta rubuta Alƙur'ani a jikin bango saboda ba don ado aka saukar da shi ba kuma ana tsoron wulaƙanta shi, akwai waɗanda suka ce babu laifi idan don tunatarwa ne kuma an kiyaye alfarmarsa. Ki zauna da malamin da kuke ɗaukar karatu a wajensa ke da maigida ku tsaya a kan magana ɗaya. Abinda dai ban ji wani malami ya yarda da shi ba shine a sa aya a kafet ko filon kushin ko tayil ko ƙasa-ƙasa inda ƙafa zata miƙe ta nufe ta ko yaro ya shafa mata hannun miya, ko a lanƙwasa ta ta koma siffar tsuntsu ko zaki ko mutum yana zaune yana tahiya, waɗannan duk suna kasuwa kuma ki barsu a can. Sannan a gyara niyya, Ayatul Kursiyyu da take aya ta 255 a Baƙara karanta ta ne tsari, bayan sallah da lokacin kwanciya, firem ɗin da aka rataya ba'a karantawa baya gadin gida. Wasu malaman kuma basa son a jera sunan Allah da na Annabi a faranti biyu kai ɗaya kamar tagwaye, don haka idan ana son duka biyun ni nafi son a rubuta kalmar shahada ko salati a matsayin jimla cikakkiya.

Hotuna kuma, mutum-mutumi na dabba ko na mutum irin su doki da giwa da zaki da ake ɗorawa a kanta wannan babu wata doguwar magana a barshi, hadisin mala'iku basa shiga gidan da akwai kare ko sura sananne ne. Hoton kyamara malamai sun yi magana mai tsawo a kansa, amma ni shawarar da nake bawa amare ita ce babban hoton biki ya zauna a albam ko a waya, ko ba don komai ba falo kowa yana shiga, mai gyaran wuta da abokan maigida da almajiri. Bishiya da fure da dutse da teku da hoton Ka'aba ko koren ƙubbar Madina wanda ba'a cika shi da fuskokin mutane ba duk ƙofa a buɗe take, Ibn Abbas da kansa ya cewa mai sana'ar zane idan dole sai yayi toh ya zana bishiya da abinda bashi da rai.

Yanzu ga inda nake so ki bani hankalinki sosai, ingancin rubutun. Yawancin abinda ake siyarwa yanzu ko dai an shigo da shi daga waje a kwali ko an yanka shi a nan da injin kwamfuta, roba mai ƙyalli ko katakon MDF, wato na garin katako da aka matse, ko ƙarfe, kuma sau da yawa wanda ya tsara da wanda ya yanka da wanda ya manna babu wanda ya iya karanta Larabci da kyau a cikinsu. Wata rana an kira mu sabunta fenti a wani falo a Malali, akwai Bismillah babba ta roba ruwan gwal a saman kujera mai zaman mutum uku, irin wadda kowane harafi da kowane ɗigo daban ake manna shi da gam. Na ɗauki hotonta a waya don in mun cire mu maida ta yadda take, ina ƙara girman hoton sai gabana ya faɗi. A kalmar ƙarshe ɗigo biyun da suke ƙarƙashin harafin ya, wanda ya manna ya gusar da ɗaya ya koma ƙarƙashin ha, ha mai ɗigo a ƙasa kuwa jimun ce, wato Arrahim ya koma yana kama da kalmar da muke siffanta shaiɗan da ita, wa iyazu billah. Na kira matar gidan na nuna mata, ta riƙe baki ta zauna a hannun kujera ta kasa magana, tace shekara biyu kenan abin yana nan, an yi suna a falon an yi saukar Alƙur'ani babu wanda ya lura saboda kowa ya san Bismillah ce ido baya bin ta harafi harafi. Tun daga ranar bana manna rubutu sai na sa mahaddaci ya tsaya a kai, sau biyu, kafin a yanka da bayan an manna.

Ke ma haka zakiyi. Ko a Kasuwar Sheikh Gumi kika ga firem ya burge ki, ki ɗauki hoto ki turawa malamin Islamiyyar yaranku ya bi shi da Mus'hafi kafin ki biya. Akwai wanda kwamfuta take wargaza masa haruffa su fito a rarrabe ko su juya daga hagu zuwa dama idan manhajar bata san Larabci ba, akwai wanda ake yanke ƙarshen aya don ta shiga cikin da'ira, akwai wanda wasali ya ɓace. Kuma a san da wace ruwaya aka rubuta, Hafsu ce ko Warshu, don a rubutunmu na allo fa ɗigonta a ƙasa yake ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, wanda bai sani ba sai yace kuskure ne alhali daidai ne. Idan ɗigogi daban suke zuwa ki roƙi a haɗa rubutun duka a kan faranti ɗaya a rataya farantin, don zafin watan uku da huɗu yana sakin gam, ɗigo ya faɗo a share shi da tsintsiya ba'a sani ba.

Salon rubutun ma yana da tasiri. Sulusi shine mai dogayen alifai da haruffa suna hawa kan juna irin na masallatan Turkiyya, yana da kwarjini amma yana son fili kuma ba kowa ke iya karanta shi ba. Kufi mai kusurwa ne kamar an gina shi da bulo, yana tafiya da falon zamani mai kujeru marasa tarkace. Naskhi shine irin na Mus'hafin da muke karantawa, idan burinku yara su riƙa gani suna karantawa shi zaki zaɓa. Diwani yana da lanƙwasa da yawa, yafi kyau da gajeriyar kalma. Ni a falo nafi son gajeren abu da ake faɗa kullum, Bismillah, Alhamdulillah, Masha Allah la ƙuwwata illa billah, ko addu'ar tashi daga majalisi a kusa da ƙofa da rubutun da ake iya karantawa, wannan kam na ga gidan da ta zama musu al'ada saboda kullum suna ganinta.

Amma Hajiya abinda yake ci min rai shine yadda muka ɗauka adon Musulunci sai an kwaso shi daga Istanbul ko Dubai, alhali muna da namu a ƙofar gida. Ki je Zariya, tafiyar wajen kilomita 80 ce, ki kalli zanen ƙofar fadar Zazzau, ki kuma nemi hotunan tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun wajen shekarun 1830, wanda wani sashensa ya rufta a 2023, ki ga bakan gizo, wato bakunan ƙasa da suka riƙe rufin, da zanen da aka fitar a jikin ƙasa, ba hoton mai rai ko ɗaya amma mutum sai ya tsaya yana kallo. Wannan zanen gidan na magina Hausawa ana iya fitar da shi yau da POP ko siminti a bango ɗaya, dagi a tsakiya da layuka suna zagaye shi, a shafe shi da launi ɗaya da bangon yadda inuwa ce kawai zata nuna shi. Na yi wa wani bawan Allah irin wannan a Unguwar Rimi da ruwan ƙasa mai haske, duk baƙon da ya shigo sai ya kai hannu ya shafa.

Ga kuma zayyana. Allon da ake yiwa mai sauka, da jan nan da rawaya da kore da baƙin tawada, murabba'i cikin murabba'i, wannan fasaha ce da alarammominmu suka gada kuma har yanzu akwai masu yi a tsangayu a Tudun Wada da Rigasa da Zariya. Kina iya sa a yi miki zayyanar zalla babu aya a ciki, a kan allo babba ko allo uku a jere, kinga kin huta da tsoron kuskuren rubutu da saɓanin malamai gaba ɗaya, kuma duk Bahaushen da ya gani ya san daga inda abin ya fito, sannan kuɗinki ya shiga hannun mai karatu. Idan maigida ko ɗaya daga cikin yara yana da allon saukarsa ai babu firem ɗin kanti da ya kai shi daraja, a sa shi a akwatin gilashi a ɗaga shi sama. Faifai masu launi guda biyar ko bakwai, ƙwarya mai sassaƙa, aikin fata, duk suna zama a bangon gefe, iyayenmu da suke jere a ɗaki ai sun san kan ado tun kafin mu.

Idan kuma ranki na kan na ƙasashen Larabawa ne toh ki ɗauki zanen lissafinsu, tauraro mai tsini takwas wanda murabba'i biyu ne aka ɗora ɗaya kan ɗaya aka juya, shine ake maimaitawa a tayil ɗin Maroko da fadar Alhambra ta Andalus. A kasuwar Panteka ta nan Kaduna akwai kafintoci da masu walda da zasu fitar miki da shi a katako ko ƙarfe idan kin kai musu hoto da awo, a yi shi kamar taga mai huda-huda a raba falo da wajen cin abinci, ko a yi siffar baka irin ta mihrabi a bango a sa kantar littattafai a ciki. Ki dai tsaya a kan salo ɗaya, kar a haɗa na Maroko da na Turkiyya da dagi da fulawar roba a bango guda. Katako kuma a tabbatar ya bushe an yi masa maganin gara, MDF baya shiri da danshi ko kaɗan yana sha yake kumbura.

Launi kar ya wuce uku a falon gaba ɗaya har da labule da kujeru. Bango ukun ruwan madara ko ruwan toka mai haske, na huɗun ya ɗan fi duhu, kore mai duhu ko shuɗi mai duhu ko ruwan ƙasa, ruwan gwal kuma kaɗan kamar gishiri a miya. Fari fat yana da kyau ranar da aka gama amma jar ƙasar Kaduna da ƙurar hunturu basa raga masa. Ki sa a yi miki fenti mai ɗan santsi wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma musamman inda yara suke kaiwa, amma banda mai ƙyallin nan na ƙofa, yana tona duk wani tudu da kwarin filasta. Kuma kafin a sayi bokiti da yawa a shafa kaɗan a bangon ki kalle shi da safe da yamma da dare, launi yana canzawa da haske.

Wajen ratayawa kuskuren da aka fi yi shine a kai firem can kusa da silin kamar agogon masallaci, ko a sa ƙarami a ƙaton bango ya zama kamar tambarin wasiƙa. Tsakiyar firem ya kasance wajen santimita 150 daga ƙasa, idan a saman kujera ne a bar kamar santimita 25 tsakaninsa da kan kujerar yadda kan mai zama bazai taɓa shi ba, faɗinsa kuma ya kai kashi biyu cikin uku na tsawon kujerar. Mai ɗauke da aya ina ƙara ɗaga shi kaɗan ya zama yana saman kan wanda yake tsaye kusa. A huda bango da dirila a sa roba da sukuru guda biyu, ƙusar kankare ɗaya bata riƙe abu mai nauyi, yara na guje-guje ko an buga ƙofa da ƙarfi sai ki ji shi a ƙasa. A bayan firem ɗin a manna ƴar roba a kusurwoyin ƙasa don ya ɗan rabu da bango iska tana wucewa. Fitila kuma mai ruwan ɗorawa-ɗorawa wadda aka rubuta 3000K a kwalinta ita take fito da katako da ruwan gwal, farar nan tas mai 6500K tana sa su yi fari-fari kamar asibiti, fitilun nan masu canza launi ja da kore suna walƙiya kuwa dan Allah kar a zagaye sunan Allah da su. Ki sa a haɗa fitilar bangon a layin sola ko inbata idan kuna da shi tunda bata cin wuta.

Kar ki ji dole sai an gama komai kafin tarewa. Ki shiga da fenti mai kyau da abu ɗaya a babban bango, ki zauna wata biyu ki ga inda rana take faɗowa da inda mutane suka fi zama da inda ake shimfiɗa darduma, sauran sai ki ƙara a hankali daidai aljihu ba tare da bashi ba. Da hunturu ki riƙa share ƙura da busasshen tsumma mai laushi duk sati, gilashi kuma a fesa ruwan a jikin tsumman ba a jikin firem ba don kar ya gangara ciki ya jiƙa takardar.

Tsofaffin firem da kalandu masu ayoyi da zaku kwaso daga tsohon gida kuma kar a bari masu kwashe kaya su haɗa su da shara ko a jibge su a sito ƙarƙashin takalma. Wanda yake da kyau a bayar, wanda ya lalace a zare takardar a ƙona ta a waje mai tsafta a binne tokar, na roba ko ƙarfe da baya ƙonuwa a kankare rubutun ko a cire haruffan ɗaya bayan ɗaya har ya daina karantuwa sannan a rabu da shi. Idan kin auna faɗin babban bangon da tsayinsa kin faɗa min ta ina ƙofa da taga suke da launin kujerunki, zan faɗa miki girman da zai dace da shi in sha Allah.